Daga Elkhart Zuwa Black Hills: Yadda Muka Zaɓi Tirelar Ɗaukar Babur Mai Ƙafa Uku

Duk wanda ya hau manyan hanyoyin Amurka a lokacin zafi zai riƙa cin karo da motocin tafi-da-gidanka, waɗanda ke ɗauke da gado da kicin da banɗaki a cikinsu, kuma da wuya ka ga ɗaya ba ta jan wani abu a baya, ko ƙaramar mota, ko kwalekwale, ko tirela mai ɗauke da babur. Dalilin hakan a fili yake, domin motar da tsawonta ya kai ƙafa talatin gida ce mai daɗi idan an isa masauki, amma ba ta shiga lungu, ba ta samun wurin tsayawa a bakin kanti, kuma akwai hanyoyin tsaunuka da ko kusa ba za ta iya bi ba. Ni da uwargidana muna da irin wannan mota, ta rukunin C, wato matsakaiciya mai ɗan ɗaki a saman mazaunin direba, wadda aka gina a kan shasin Ford E-450, muna kuma da babur mai ƙafa uku ƙirar Can-Am Spyder RT. Da muka ƙulla niyyar tashi daga Indianapolis, inda muke zaune, zuwa duwatsun Black Hills da ke jihar Dakota ta Kudu, sai ya zamana neman ƙaramar tirelar da za ta ɗauki babur ɗin a bayan motar ya fi tsara hanyar kanta cin lokaci.

Wanda ya saba da A Daidaita Sahu zai ɗauka taya ɗaya ce a gaba, biyu a baya, kuma haka Tri Glide na kamfanin Harley-Davidson yake. Spyder kuwa, wanda kamfanin BRP na ƙasar Kanada ya fara fitarwa a 2007, juyin wannan ne, wato tayoyi biyu a gaba, ɗaya mai faɗi a baya. Na koma kansa ne bayan gwiwata ta daina jure tallafar babban babur mai ƙafa biyu a wurin tsayawa. Faɗinsa a gaba ya kai inci 61, tsawonsa ya haura ƙafa 9, nauyinsa da mai da komai yana kusan laba 1,100, wato wajen kilo 500, kuma tsakanin cikinsa da ƙasa inci huɗu da rabi ne kacal. Masu ƙera shi sun hana a ja shi tayarsa ta baya tana birgima a ƙasa, saboda hakan yana lalata giya, don haka dole ne a ɗora shi gaba ɗaya a kan wani abu. Bugu da ƙari, tayoyinsa uku layi uku suke bi, ba ɗaya ba, shi ya sa tirelolin babura na yau da kullum, masu siririn kwararo a tsakiya, ba su da wani amfani a wurinsa. Yana bukatar shimfiɗaɗɗen daɓe da gadar hawa mai cikakken faɗi.

Da farko zuciyarmu duka biyu tana kan rufaffiyar tirela, irin mai bango da rufi da ƙofar baya wadda ake saukewa ta zama gadar hawa. Hujjojin ba na wasa ba ne. Babur ɗin zai tsira daga ruwa da ƙura da tsakuwar da tayoyin mota ke watsowa, za a kulle shi da kwaɗo idan an kwana a wurin da ba a sani ba, kuma za a samu inda za a zuba hulunan kwano da kujeru da kayan aiki. Uwargida ta fi ni ƙarfin ra'ayi a kan haka, ta ce, “Alhaji, abin da aka saya da tsada ba a barinsa a sarari yana shan rana.” Na yarda da ita, amma na ce mata bari mu fara jin ta bakin sikeli kafin mu je wurin dillali, domin abin da motar za ta iya ɗauka shi ne zai yanke mana hukunci.

A manyan gidajen mai na direbobin tireloli akwai sikelin CAT Scale, wanda kowa zai iya hawa ya biya kuɗi kaɗan a ba shi takarda mai nuna nauyin da ke kan kowane aksul, wato sandar da ke riƙe da tayoyi. Muka loda motar kamar yadda za mu yi tafiya da ita, tankin mai cike, ruwan sha da gas da tukwane da buhun shinkafa da tufafi duk suna ciki, mu biyu muna zaune a gaba, sannan muka hau. A jikin ƙofar direba akwai takardar da ke nuna iyakokin da Ford ya gindaya: motar da kayanta kada su wuce laba 14,500, aksul na gaba kada ya wuce 5,000, na baya kada ya wuce 9,600, sannan motar da abin da take ja idan an haɗa kada su wuce 22,000. Ƙarfen maƙala tirela da ke ƙarƙashin bamba shi ma yana da tasa takardar, wadda ta ce zai ja laba 5,000, kuma zai ɗauki laba 500 na nauyin da wuyan tirela ke dannawa ƙasa. Takardar sikeli ta nuna mana 4,600 a gaba da 9,050 a baya. Ta fuskar ƙarfin ja muna da sarari mai yawa, amma a aksul na baya laba 550 kawai suka rage mana, kuma a nan ne maganar take.

Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin yawancin masu saye lambar ƙarfin ja kawai suke dubawa. Tirela ba ta tafiya lafiya sai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukan nauyinta ya kwanta a kan wuyanta, idan ya gaza haka sai ta fara lilo hagu da dama a kan hanya, wanda kan jawo wa masu ja haɗari. To, nauyin wuyan nan ba ya sauka a kan tayoyin bayan mota yadda yake. Motar tafi-da-gidanka tana da dogon bayan da ya zarce tayoyinta na baya sosai. Na auna tamu, na samu ƙafa 18 tsakanin tayoyin gaba da na baya, da ƙafa 11 daga tayoyin baya zuwa dunƙulen ƙarfen da tirela ke hawa. Saboda wannan tazara, duk laba ɗari da aka ɗora a kan dunƙulen tana zama kusan laba 160 a kan aksul na baya, tana kuma ɗage kusan laba 60 daga tayoyin gaba, waɗanda su ne ke riƙe da sitiyari. Da na raba 550 ɗin da suka rage mana bisa wannan lissafi, sai na ga wuyan tirelarmu bai kamata ya wuce laba 340 ba, duk da cewa takardar ƙarfen ta ce 500.

Da wannan lamba a aljihuna, da tef ɗin awo, muka nufi Elkhart da ke arewacin jihar Indiyana. Garin ya yi suna a matsayin cibiyar ƙera motocin tafi-da-gidanka, mafi yawan waɗanda ake gani a hanyoyin Amurka daga yankinsa suke fitowa, kuma masu ƙera ƙananan tireloli da aksul da sauran kayan gyara duk sun taru a kewayensa. A filin dillalin da muka fara tsayawa an jera rufaffun tireloli farare da baƙaƙe, an rubuta girman kowacce a gaba. Na fara da mai faɗin ƙafa 6 da tsawon 12, saboda ita ce mafi sauƙin nauyi da kuɗi. Ƙafa shidan da aka rubuta awon waje ne. Da na sa tef a bakin ƙofar baya, tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, kuma na cire wurin da wayoyin ɗaga ƙofar suka ci, abin da ya rage bai fi faɗin babur ɗin da inci biyu ba. Ko an yi dabara an shigar da shi, mahayin ba shi da inda zai sa ƙafa ya sauka, balle ya durƙusa ya ɗaure tayoyin gaba. Muka koma kan mai faɗin ƙafa 7 da tsawon 14, mai aksul biyu, wadda ta yi wa babur ɗin daidai har da sarari. Ita kaɗai, babu komai a ciki, nauyinta ya kai laba 2,200. Idan an haɗa da babur da ɗan kaya za ta kai 3,400, wuyanta zai danna fiye da laba 400, aksul na bayan motarmu kuma zai karɓi wajen 650. Dillalin ya ce yana ganin masu irin motarmu suna janta kullum, kuma ban musa masa ba, amma tayoyin da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsu ba a filin dillali suke fashewa ba, sai an yi nisa a kan kwalta mai zafi. Na nuna wa uwargida lissafin a bayan takardar sikeli, ta duba, ta ce, “To, Alhaji, lafiyarmu ta fi fentin babur.”

Daga nan muka juya ga buɗaɗɗun tireloli. Na ƙarfe sun fi araha, sai dai sun fi nauyi, kuma a jihohin da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙarar hunturu tsatsa ba ta barinsu su daɗe. Wadda muka tsaya a kanta ta alminiyom ce, tsawon daɓenta ƙafa 12, faɗinsa tsakanin murafen tayoyi ya haura inci 75, nauyinta laba 750. Da babur a kai za ta kai 1,850, wuyanta zai danna wajen 220, aksul na baya ya karɓi kimanin 350, ya bar mana sararin da za mu iya ƙara ruwa ko wani kaya ba tare da fargaba ba. Abubuwa biyu na tsaya na bincika da kyau. Na farko gadar hawa ce, domin hancin Spyder a ƙasa yake, gajeriyar gada kuma tana yin tsaye da yawa har hancin ya daki bakinta kafin tayoyi su fara hawa. Wannan tirela tana da gada mai naɗewa biyu wadda idan an warware ta take kwanciya a hankali, kuma daɓen kansa ba shi da tsawo daga ƙasa. Na biyu tsawon wuya ne. Faɗin motarmu ya haura ƙafa 8, kuma idan ta sha kwana mai tsanani ko ana ribas, kusurwar bayanta tana iya taɓa gaban tirela mai gajeren wuya. Na roƙi dillalin ya bari mu maƙala ta, na juya sitiyari har ƙarshe a cikin filinsa, uwargida tana tsaye a gefe tana kallon tazarar da ke tsakanin bamba da tirela. Sai da ta ɗaga hannu alamar akwai sarari sannan muka shiga maganar kuɗi.

Maganar aksul ɗaya ko biyu ba ta ɗauke mu lokaci ba. Mai biyu ta fi kwanciya a hanya, kuma idan taya ɗaya ta yi faci akwai mai tallafa mata, amma ta fi nauyi, ba ta turuwa da hannu, kuma a hanyoyin biyan kuɗi na Indiyana da Ilinoi yawan aksul yana ƙara abin da za a biya. Aksul ɗaya mai ɗaukar laba 3,500 ya ishe mu, muka sayi safaya muka ɗaura a wuya. Birki ne na dage a kansa. Jihohi da yawa ba sa tilasta birki sai tirela ta kai laba 3,000, shi ya sa za ka ga an rubuta 2,990 a jikin tireloli da yawa ana sayar da su babu birki. Amma Ford yana ba da shawarar birki na daban ga duk tirelar da ta haura laba 1,500 da kayanta, saboda birkin mota an auna shi ne bisa nauyin motar kawai, ban da abin da take ja. Na biya ƙarin kuɗi aka sa birkin lantarki, aka ɗaura na'urar sarrafa shi kusa da sitiyari, aka haɗa soket mai baki bakwai, da ƙaramar wayar nan da ke kama birki da kanta idan tirela ta kuɓuce daga mota.

Ranar lodi na hau da babur ɗin yana fuskantar gaba, kamar yadda ya kamata, don iska ta bi gilashinsa ta inda aka ƙera shi ya karɓe ta. Injin Spyder a gaba yake tsakanin tayoyi biyu, saboda haka matsar da shi gaba da ɗan taƙi kaɗan yana ƙara nauyin wuya sosai. Mai Tri Glide zai tarar da akasin haka, domin nasa nauyin ya fi karkata baya. Na yi ta matsar da shi ina duba ƙaramin sikelin da na sa ƙarƙashin wuyan, har allura ta tsaya kusa da 220, sannan na ɗaure katakan tare taya a daidai wurin. Ɗaurin kansa a tayoyi ake yinsa, bel mai ƙarfen tsukewa a kowace tayar gaba ana ja gaba da gefe, wani kuma a tayar baya ana ja baya, da tsumma a inda bel ya taɓa fenti. Ba a ɗaure shi ta kan hannun tuƙi. Na gicciya sarƙoƙi biyu a ƙarƙashin wuya yadda za su tallafe shi idan ya zame, muka sake komawa sikeli, takarda ta nuna 9,400 a aksul na baya.

Muka kama hanya a ƙarshen watan Yuni, da niyyar mu riga cunkoson taron babura na Sturgis, wanda ake yi a watan Agusta tun 1938. Cikin Shikago shi ne gwajin farko, manyan motoci hagu da dama, ga gyaran hanya, amma tirelar tana bin sawun motar kamar ba ta nan. Da yake ta fi motar siranta, ba ta fitowa a madubi sai an sha kwana, don haka kyamarar baya na bari a kunne tun daga gida har muka isa. Daga nan babbar hanya mai lamba 90 muka riƙe, ta cikin Wiskonsin, muka haye kogin Misisipi a La Crosse, motar ta ja dogon hawan da ke fita daga kwarin kogin ba tare da injin ya yi zafi ba. Bayan Sioux Falls ƙasa ta buɗe, babu itace babu tudu, iska tana bugowa daga gefe babu abin da ke tare ta. Dokar gudu a manyan hanyoyin Dakota ta Kudu mil 80 ce a awa, amma ni ban wuce 62 ba, domin tayoyin tirela masu alamar ST da yawansu mil 65 ne iyakarsu. A wannan fili na ga amfanin rashin bango, motar kanta iska tana tura ta, amma tirelar ba ta ƙara mata wani jan ba, alhali rufaffun da ke wuce mu ana ganin bayansu yana kaɗawa duk sanda babbar mota ta gifta. Duk inda muka tsaya shan mai sai na zagaya na ja kowane bel, na ɗora bayan hannuna a kan cibiyar kowace taya don jin ko boris ya yi zafi. A tsayawar farko bel ɗin tayar baya ya ɗan saki, kamar yadda sabon bel kan yi, na tsuke shi, bai sake motsi ba. A gangaren da ke sauka kogin Mizuri a Chamberlain kuwa na rage giya na taɓa birki, na ji tirelar tana riƙe kanta maimakon ta tura mu.

A sansanin matafiya da ke kusa da garin Custer, wurin da aka ba mu bai isa mota da tirela a jere ba, domin idan an haɗa su sun kusa ƙafa 50. Muka sauke babur, na kwance tirelar, ni kaɗai na tura ta da hannu zuwa gefen ciyawa, abin da ba zai yiwu da mai laba 2,200 ba. Washegari muka hau Needles Highway, hanya mai tsawon mil 14 da aka kammala a 1922, wadda ke ratsa tsakanin dogayen duwatsu masu tsini. A wani wuri an huda dutse an yi mashiga mai faɗin kusan ƙafa 8 kawai, mota ɗaya ke wucewa a lokaci guda, kuma motarmu ko an naɗe madubanta ba za ta shiga ba. Spyder ya wuce da sarari a kowane gefe, uwargida tana baya tana ɗaukar hoto. Haka muka bi Iron Mountain Road mai gadojin katako masu murɗewa, inda ake hango fuskokin shugabannin Amurka huɗu da aka sassaƙa a dutsen Mount Rushmore ta cikin mashigar dutse, muka kuma ratsa gandun Custer State Park, inda garken ɓauna ya tsayar da mu a tsakiyar hanya.

Buɗaɗɗiyar tirela tana da nata farashin, kuma mun biya shi. Duk da allon kare tsakuwa da ke gabanta, babur ɗin ya isa da ƙura da gawar ƙwari, sai da na wanke shi kafin mu hau. Ba a rufe shi da tampol yayin tafiya, saboda iska tana sa tampol ya yi ta bugun fenti har ya goge shi. Kowane dare sai na sa kwaɗo a wuyan tirela da sarƙa a tayar babur. Wata rana da la'asar hadari ya haɗu a kan duwatsun, ƙanƙara ta fara zuba, abin da yankin ya saba gani a wannan lokaci na shekara, muka fito a guje da barguna biyu muka lulluɓe babur ɗin muka ɗora tampol a kai. Maƙwabcinmu a sansanin, wani dattijo mai babbar motar rukunin A, irin mai kama da bas, mai injin dizal a baya, yana zaune a ƙarƙashin rumfarsa, nasa babur ɗin yana kulle cikin rufaffiyar tirela mai aksul biyu. Da aka ɗauke ya zo ya taya mu duba fentin, wanda bai samu komai ba, muka kwatanta takardun sikelinmu. Ƙarfen maƙalarsa na laba 10,000 ne, aksul ɗinsa na baya kuma yana da sararin da ya ninka namu sau da yawa, don haka tirelar da ta fi ƙarfin motarmu ita ce daidai da tasa. Ya ba ni shawarar in sayi murfi mai kauri da aka ɗinka daidai jikin Spyder don irin wannan rana, muka same shi a wani kantin babura a Rapid City kafin mu juyo gida.